Bayan A Love Supreme ina mutum zai dosa, kuma ina ake samun faifan a Zariya?

Dalibi_Kongo:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya biyu gare ni ga manyanmu masu tara fayafayai. Na daɗe ina sauraron kundin jaz ɗin nan A Love Supreme na John Coltrane, mai busa saksafon ɗan Amurka, ya kwanta mini ƙwarai. Sai wani abokina ya ce in ina son jin inda mutumin ya dosa bayan nan, in nemi Ascension. Na nemo na saka. Gaskiya ban gane komai ba, kowa na busa nasa a lokaci guda, babu amshi, babu inda zan kama. Amma kuma wani abu a cikinsa ya hana ni goge shi daga wayata. To akwai matakalar da ake bi kafin a kai ga irin wannan kiɗa, ko kuwa kunne ne, wani yana da shi wani ba shi da shi? Ta biyu, ina son in fara ajiye faifai na gaske wanda ake riƙewa a hannu. A nan Zariya ina ake samu?

Bazazzagiya:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, abokin naka ya yi maka gaggawa. Wata shida ne kawai tsakanin ɗaukar kundin biyu, ɗaya Disambar 1964, ɗaya Yunin 1965, amma a kunne tafiya ce mai nisa. Na farkon mutum huɗu ne, Ascension su goma sha ɗaya. Ka bi ta gefe tukuna. Nemi Karma na Pharoah Sanders, na 1969. Akwai kururuwar saksafon a ciki, amma ƙarƙashinta bes yana maimaita abu guda, kana da abin riƙewa. Daga nan sai Journey in Satchidananda na Alice Coltrane, matar shi John ɗin, na 1971. In waɗannan suka zauna maka sai ka koma inda ka tsaya.

Kwangila77:
Ni fa zan faɗi gaskiyata ko da ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Ɗalibi, kunnenka lafiyarsa lau. Abin da ka ji hayaniya ce, kuma hayaniya ka kira ta. Ina son Coltrane na farko kamar me, mutum ne da ya san busa fiye da kowa a zamaninsa, shi ya sa yake yi mini ciwo in ji shi a shekarunsa na ƙarshe. Kiɗan da sai an zaunar da kai an yi maka bayani kafin ka ji daɗinsa, ina amfaninsa?

Baba_Garmaho:
Kwangila, ɗana, na san ra'ayinka tun ba yau ba, kuma ba zan ce ka ji abin da ba ka ji ba. Amma kada ka kashe wa yaro gwiwa tun bai shiga ba.

Ɗalibi, saurara. Ascension yana da tsari, sai dai ba irin wanda ka saba ba ne. Coltrane zai buɗe da 'yar gajeriyar jimla, sauran masu busa su ɗauka su yamutsa ta gaba ɗaya. Sai su ja baya, mutum ɗaya ya fito ya yi nasa. In ya gama, a sake haɗuwa duka, sannan wani ya fito. Haka ake yi har kusan minti 40. To in ka sake sakawa, kada ka bi masu busa. Ka ajiye kunnenka a kan gangunan Elvin Jones da piyanon McCoy Tyner, su biyun nan dai da ka sani a A Love Supreme. Suna nan ba su je ko'ina ba. In ka riƙe su, za ka fara bambance Freddie Hubbard daga Archie Shepp, ka gane wane ne ya shigo wane ne ya fita.

Ga kuma abin da masu tarawa ke so. Sau biyu aka ɗauki kiɗan nan a rana guda. Kamfanin Impulse ya fitar da ɗaya a 1966, sai Coltrane ya ce ɗayan ya fi so, aka canza. Bangon iri ɗaya ne, sai ka duba filin da ke tsakanin ƙarshen kiɗa da takardar tsakiya, can aka karta Edition II a jikin faifan. Duk wanda ya san wannan, da ya ɗauki faifan sai ka ga ya karkata shi wajen haske.

Dalibi_Kongo:
Allah ya ƙara girma Baba. Zan bi gangunan yau da dare in an kawo wuta.

Malamin_Zane:
Ni da Ornette Coleman zan fara da shi. The Shape of Jazz to Come, 1959. Babu piyano a ciki sam, saboda haka babu wanda ke ɗaure mai busa da cewa nan za ka bi, amma waƙoƙin suna da daɗin da yaro ma zai iya rerawa. Kwangila, wannan ko kai ba za ka kira shi hayaniya ba. Bayansa sai Free Jazz da aka ɗauka a Disambar 1960: ƙungiya biyu, kowace mutum huɗu, ɗaya a lasifikar hagu ɗaya a ta dama, suna yi lokaci guda har minti 37. Wannan kam kada ka ji shi ta lasifikar waya, za ka zalunci kanka. Sa abin kunne mai kyau, ka cire ɗaya ka ji ƙungiyar hagu ita kaɗai, sannan ka ji ta dama, sannan ka haɗa. Zanen Jackson Pollock, mai zane ɗan Amurka, ne a bangon asalin faifan, shi ya sa nake nuna wa ɗalibaina shi a aji.

Kwangila77:
Na 1959 ɗin na yarda, Malam. Ina da shi ma a CD. Amma ka lura, abin da ya sa ya yi daɗi shi ne akwai waƙa a ciki. Maganata kenan.

Sarewa_Samaru:
Ana ta zagaye Amurka an bar abin da ke bakin ƙofa. Ɗalibi, ka san Yusef Lateef? Mai busa ne daga Detroit, Musulmi, ya yi shekara huɗu a nan Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1981 zuwa 1985, yana babban mai bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Najeriya. Sarewar Fulani ya zo nazari. Tun kafin ya zo ya riga ya yi suna, kundinsa Eastern Sounds na 1961 har yau ana sayensa, kuma tun wancan lokacin yake shigo da kayan busa na Gabas cikin kiɗansa. Yana nan ya ɗauki kundin da ake kira In Nigeria a Legas a 1983 tare da makaɗan ƙasar nan, ya fito 1985. Akwai kuma Hikima, wanda ita cibiyar ta fitar a 1983. Shi wannan ne nake nema ido rufe. An sake buga shi a waje a 'yan shekarun nan, amma ni bugun farko nake so, wanda ke ɗauke da sunan Zariya. Ba na shakka akwai shi a cikin akwatin wani tsohon malami a Samaru ko Hanwa, ƙura ta rufe shi.

Baba_Garmaho:
Allah sarki. Muna ɗalibai a Samaru a lokacin. Muna jin labarin akwai wani dattijo Ba'amurke mai busa a cibiyar, amma wallahi ba mu san girmansa ba. Hankalinmu na kan disko da rege. Sai bayan shekaru na ga sunansa a bangon fayafayan da ake rububi a duniya. Ya rasu a 2013 yana da shekara 93. Ku kuma nemi littafin da suka rubuta shi da Ziky Kofoworola a kan kiɗa da wasannin Hausawa, na 1987.

Uwar_Hanan:
Ikon Allah. A Samaru aka haife ni ban taɓa jin wannan ba. Na gode Sarewa.

Sarewa_Samaru:
Shi ya sa nake cewa kunnen Bahaushe bai kamata ya ji baƙunci a irin wannan kiɗa ba. Ka tsaya a ƙofar fadar Zazzau ranar hawan sallah. Kakaki na yi, algaita na yi, tambari na yi, 'yan bindiga na harbawa, maroƙa na kirari, kowace tawaga da nata kiɗan kuma duk suna shiga cikin juna. Ba wanda ya taɓa toshe kunne ya ce hayaniya. Shi Ornette da kansa ya je Maroko a 1973 ya yi busa da makaɗan ƙauyen Jajouka, waɗanda abin busarsu ɗan'uwan algaitarmu ne. Guntun abin da suka ɗauka yana cikin Dancing in Your Head na 1977. Archie Shepp ma ya hau dandali da makaɗan Abzinawa a bikin Aljiyas na 1969. Su ne suke zuwa wajenmu neman wannan sauti.

Mai_Kukuma:
Yaya Sarewa, a nan kam ban bi ka ba. Ni gidan kiɗa na tashi, kuma wannan magana tana yawan fitowa daga bakin 'yan boko masu son kiɗan waje, cewa wai namu ma haka yake. Ba haka yake ba. Mai algaita ba abin da ya zo masa a rai yake busawa ba. Take yake busawa. Kowace jimla magana ce, kowane basarake da nasa, kuma wanda ya sani yana jin kalmomin ɗaya bayan ɗaya. In ya kuskure ya busa taken wani a gaban wani, ranar sai an yi shari'a. Abin da kake ji kamar cakuɗe ranar hawa, kiɗa ne iri-iri masu tsauraran ƙa'idoji da suka haɗu a fili guda, ba wai sun zauna sun shirya su watsar da ƙa'ida ba ne. Su kuwa mutanen da kuke magana a kai, da gangan suka fasa tsarin da suka gada. Ina girmama su, amma kada mu ari rigarsu mu sa wa Sarkin Busa.

Sarewa_Samaru:
Ban ce manufarsu ɗaya ba, Mai Kukuma. Maganar kunne nake yi. Wanda ya tashi yana jin algaita mai tsananin ƙara, ana busa ta ba a yanke numfashi, ba zai firgita da saksafon ɗin Albert Ayler ba kamar yadda wanda ya tashi da piyanon coci zai firgita.

Mai_Kukuma:
To ga Kwangila nan, a birni ya tashi, kuma ya firgita.

Kwangila77:
Ba firgita na yi ba, gajiya na yi. Amma maganar Mai Kukuma ita ce tawa. Sa mini kukumar Hassan Wayam ko kuntigin Ɗan Maraya, tsirkiya ɗaya tak, amma ka san inda aka fito da inda za a je.

Malamin_Zane:
Wannan gardamar an yi ta a garin nan tun kafin a haifi yawancinmu, sai dai a kan zane aka yi ta. A 1958 ɗaliban kwalejin da ta zama jami'a daga baya, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyarsu suka ce ba za su tsaya kan abin da malaman Ingila ke koya musu kaɗai ba, za su haɗa da na gida. Su ma an ce sun ɓata tsari. Yau ayyukansu ne a manyan gidajen tarihi.

SabonGari_Rok:
Tunda an taɓo maganar tsari bari in shigo da ɓangarenmu na rok, don kun mamaye zauren da masu busa. Kwangila, akwai faifan da nake so ka ji, Trout Mask Replica na Captain Beefheart, 1969, Frank Zappa ne ya ɗauka. Waƙa 28 a faifai biyu. Jin farko za ka rantse kowa na kaɗa abin da ya ga dama, jita biyu kowace da nata gudun, ganga na wani wajen. Amma ba haka ba ne. Yaran nan wata takwas suka yi a kulle a gida ɗaya suna bita, mai gangarsu John French shi ya rubuta wa kowa abin da zai kaɗa. In suka maimaita waƙar gobe, haka za ta fito daidai. Ka ga kenan abin da kunne ya kira rikici wani lokaci shi ya fi komai ƙa'ida.

Ɗalibi kuma, in kana son ƙofa mai sauƙi ta wannan ɓangare, nemi Tago Mago na ƙungiyar Can ta Jamus, 1971. Mai gangarsu Jaki Liebezeit daga jaz mai 'yanci ya fito, ya gaji da shi, ya koma maimaita bugu ɗaya ba ƙaƙƙautawa. Akwai waƙar da ta kai minti 18 a kan bugu guda. Sukan yi ta kiɗa na sa'o'i, sai mai bes ɗinsu Holger Czukay ya zauna da reza yana yanka tef yana haɗawa. Mawaƙinsu kuma Bajafane ne, Damo Suzuki.

Bazazzagiya:
Tago Mago kam na sa hannu. Faifai biyu ne a ciki, na farkon dai. Na biyun sai mai haƙuri, ni kaina ba kullum nake iya kai shi ƙarshe ba. Da shi nake aikin ɗinki da dare, bugun Jaki yana tafiya daidai da keke.

Tukur_Tukur:
Ina biye. A ci gaba da jero sunaye ina rubutawa.

SabonGari_Rok:
To ƙara da Deceit na This Heat, 'yan Landan, 1981, a wani tsohon ɗakin sanyaya nama suka mayar sutudiyo. Da Third na Soft Machine, 1970, fuska huɗu waƙa huɗu, wannan shi ne gadar da ke tsakanin rok da jaz. Mai ƙarfin hali kuma ya gwada Machine Gun na Peter Brötzmann, 1968, mutum takwas. Amma shi wannan kada a sa shi yara na barci.

Dalibi_Kongo:
Na gode ƙwarai, sunaye sun yi yawa har na rasa na farawa. Amma tambayata ta biyu fa? Ina ake samun faifan?

Baba_Garmaho:
Nan ne gizo ke saƙa. Shagon da za ka shiga ka ce a ba ka faifan Sun Ra, makaɗin jaz ɗan Amurka, babu shi a Zariya, ban kuma san shi a Kaduna ba. Abin da na tara ta hanya uku ya zo. Na farko gidajen tsofaffin malaman jami'a. A shekarun 1970 da 1980 Samaru cike take da malamai daga Ingila, Amurka, Indiya, Gana, da namu da suka yi karatu a waje, kowa ya zo da kwalin fayafayansa. Da yawa da za su tafi sai su bar wa maƙwabci ko kuku ko direba. In ka ji ana kwashe kayan wani gida a kwatas, je ka yi sallama cikin ladabi ka tambaya. Na biyu masu gyaran rediyo na Sabon Gari da Tudun Wada, tsofaffin cikinsu. Sau da yawa akan kawo musu na'ura gyara da faifai a kai, mai ita bai dawo ba. Na uku 'yan gwangwan. Ka yi abota da su, ka ba su lambarka, ka ce duk baƙin faifan da suka gani kada su fasa.

Amma ka sani, cikin faifai hamsin da za ka samu, arba'in da tara Jim Reeves ne da Don Williams da Boney M da waƙoƙin Indiya. Ɗayan nan shi ake nema. Ni a haka na tsinci faifan Art Ensemble of Chicago a cikin buhu, bangon ya sha ruwa amma faifan garau.

Uwar_Hanan:
Baba, abin da ke ba ni takaici shi ne mun makara. Shekarun baya wasu mutane suka zo gidanmu suka saye kwalin fayafayan mahaifinmu gaba ɗaya a kan kuɗin da bai kai na buhun masara ba. Mahaifiyarmu ta ga tarkace ne ta ba su. Akwai ƙungiyoyin rok na Najeriya BLO da Ofege a ciki, akwai Fela da yawa. Daga baya na shiga Discogs, shafin cinikin fayafayai a intanet, na ga abin da ake sayar da irinsu da dala, na yi kuka wallahi. Ba kuɗin ne ya dame ni ba, da rubutun hannunsa a bangon kowane ɗaya.

SabonGari_Rok:
Allah ya jiƙan Baba, Hajiya. Haka aka yi wa gidaje da yawa. Sai dai in faɗi ɗaya gefen: ba don wasu sun kwasa sun sake bugawa ba, da yawancinmu ba mu taɓa jin rok ɗin Najeriya na bayan yaƙin basasa ba. Ni ta tarin Nigeria Rock Special na kamfanin Soundway, 2008, na san su. William Onyeabor na Inugu ma sai da aka sake fitar da shi a 2013 sannan 'yan ƙasarsa matasa suka waiwaye shi.

Uwar_Hanan:
Na ji, amma a sake bugawa daban, a yaudari tsohuwa daban.

Mai_Kukuma:
Gaskiyarki Hajiya. Kuma abin da ya fi wannan ciwo, namu na Hausa ko masu kwasar ba su cika nema ba. Kaset ɗin Garba Supa da Ibrahim Na Habu da Haruna Uje suna nan suna ruɓewa a durowa. Wanda zai kashe dubban nairori a kan faifan Jamus, ya ware kaɗan ya ceci waɗannan.

Dan_Damagaram:
Gaisuwa daga maƙwabta, ni ɗan Nijar ne ina karatu a Samaru. Ku nemi Mamman Sani. A 1978 ya ɗauki kaset da ogan na lantarki shi kaɗai a Yamai, kiɗa ne mai sanyi wanda ba ya kama da na kowa. Mu mun tashi muna jin sa a tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin ba mu san na wane ne ba. Kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da shi a 2013, yana shafin sayar da kiɗa na Bandcamp. In ana maganar kiɗan gwaji, ga namu nan na Sahel, ba sai an je Jamus ba.

Bazazzagiya:
Madalla da wannan. Baba, ka ambaci Art Ensemble, ka manta ba ka gaya wa yaron alaƙarsu da ƙasar nan ba. Mai busa ƙahonsu Lester Bowie ya zo Legas a 1977 ya zauna wajen Fela, busarsa na cikin No Agreement. A shekarar ce kuma Sun Ra ya kawo ƙungiyarsa bikin FESTAC, wanda aka yi hawan dabarsa a Kaduna. Shi Coltrane ma, wasansa na ƙarshe da aka ɗauka a gaban jama'a, a cibiyar makaɗin ganga ɗan Najeriya Babatunde Olatunji da ke Harlem a New York aka yi shi, Afrilun 1967, wata uku kafin rasuwarsa. An fitar da shi a 2001. Sautin ɗaukar ba shi da kyau, kuma zafinsa ya fi na Ascension, don haka ba yanzu ba, ƙanena.

Baba_Garmaho:
Haka ne 'yata. Sun Ra kuwa shi ne ciwon kan masu tarawa a duniya. Kamfaninsa na kansa, Saturn, kaɗan-kaɗan yake bugawa, 'yan ƙungiyar su zana bangon da hannu, su sayar a wajen wasa. Wani lokaci bango ɗaya faifai daban. Wannan ko a mafarki ban sa ran tsintarsa a Sabon Gari ba. Mai son farawa da shi ya nemi Lanquidity na 1978, yana da taushi.

Injiniya_Hanwa:
Ɗalibi, kafin ka sayi faifai ko ɗaya, ka tanadi abin da za ka juya shi da inda za ka ajiye shi, in ba haka ba asara za ka yi. Zafin watan Maris da Afrilu na Zariya yana lanƙwasa faifai, kuma in ya lanƙwashe da wuya ya dawo. A tsaye ake jera su kamar littattafai, ba a kwance ɗaya kan ɗaya ba, nesa da taga, nesa da bangon da rana ke duka. Kada ka bar shi a mota ko na awa ɗaya. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba, tana shiga cikin layukan, allura ta bi ta kai tana nika su. Ka wanke da ruwan batir wanda ba a sa wa asid ba, wato tataccen ruwa, da ɗigon sabulun ruwa da ƙyalle mai laushi, kana bin layin a zagaye. Ban da kananzir, ban da fetur. Tsofaffin fayafayan garmaho masu gudun 78 kuwa ba roba ba ne, suna fashewa kamar tangaran, kuma sifirit yana narkar da su.

Wajen na'ura, ka kula da 'yan gwanjon da aka kawo daga Amurka. Wutarsu 110 ce, tamu 230, sai da taransifoma. Ko ka sa taransifoma, wasu injinan da bugun wutar suke daidaita gudunsu, nasu 60 namu 50, sai ka ji faifan na tafiya a hankali, muryar ta yi ƙasa. Nemi wadda aka yi don Ingila ko Turai. Kada ka juya faifai da ƙaramin janareta, gudun zai riƙa hawa da sauka, inbata ta fi. Abu na ƙarshe, al'adar nan ta ɗora kwabo a kan hannun allura don kada ta yi tsalle, ita ta kashe rabin fayafayan garin nan. Nauyin da yawancin allurai ke buƙata bai wuce giram biyu ba.

Tukur_Tukur:
Injiniya, to ai da wannan wahala gara mutum ya tsaya a wayarsa. Sauti ɗaya ne.

Injiniya_Hanwa:
In don sauti ne kawai, fayil mai kyau da abin kunne mai kyau sun ishe ka, ba zan yi maka ƙarya ba. Da kuɗin faifai ɗaya daga waje, in ka haɗa da na aikowa da canjin dala, za ka sayi data ta wata da watanni.

Baba_Garmaho:
Sauti ɗaya ne, zama ne ba ɗaya ba. A waya da kiɗa ya yi maka tsauri sai yatsa ya kai, ka wuce. Faifai kuwa ka tashi ka goge shi ka ɗora allura, to za ka zauna minti 20 har fuskar ta ƙare. Irin wannan kiɗa zaman nan yake buƙata. Ga bango kuma, da sunan kowa da ranar ɗauka. Yawancin abin da na sani a bayan bango na karanta shi.

Dalibi_Kongo:
Na dawo da rahoto. Na bi gangunan kamar yadda Baba ya ce, na kuma kai ƙarshe. Ba zan ce na ji daɗinsa kamar A Love Supreme ba, amma na ji lokacin da kowa ke ja baya mutum ɗaya ya fito, kuma wajen da piyano ya karɓa ya taɓa ni sosai. Karma kuwa tun jiya nake maimaita shi.

Kwangila77:
Wajen piyanon ai shi ne inda aka koma kiɗa. Ka ga maganata.

Sarewa_Samaru:
Ko kuwa wajen piyanon ya yi daɗi ne saboda abin da ya gabace shi. Ba za mu gama wannan ba yau. Ni dai roƙona, duk wanda ke da dangi cikin tsofaffin ma'aikatan cibiyar nan ta al'adu ya taimaka ya tambaya mini Hikima. Ko ba za a sayar ba, a bar ni in gan shi in ɗauki hoton bangon.

Mai_Kukuma:
Zan tambayi wani kawuna da ya yi kiɗa da 'yan wasan cibiyar a wancan zamani, sai dai ya tsufa, sai na je da kaina. Injiniya, kai kuma ina da kaset na kukuma kusan cikin kwali guda, wasu tef ɗin ya fara mannewa. Kana da rakodar da za a iya juye su zuwa kwamfuta?

Injiniya_Hanwa:
Akwai, amma bel ɗinta ya saki, na aika a nemo mini a Kano. Kafin nan kada ka saka ko ɗaya a rediyo. Ka ɗauki biro ka juya kowane a hankali da hannu daga farko zuwa ƙarshe, wanda ka ji ya cije ka ware shi gefe, shi sai an buɗe an sauya masa gida.